Mai Gida Ba Ya Zama

Ciwon ya tashi wa Velibor ana saura mako guda slava, bikin shekara-shekara na waliyyin gidansu. Ya gane shi tun bai sauko daga gado ba: murɗa a ƙasan cibiya ta hagu, da ɗaci a baki. Ya shiga banɗaki ya fito, yana ɗaura igiyar takalmi ya sake komawa. A wannan karon akwai jini.

Shekarunsa arba'in da biyu, kuma koyar da tuƙin mota yake yi a garin Pirot. Kumburin babban hanji ne, irin wanda ke lafawa wata da watanni sannan ya dawo. Likitan da ke ganinsa a asibitin birnin Nish ya gaya masa tun farko cewa ba ya warkewa, lallaɓa shi ake yi. Velibor ya koyi lallaɓawar. Yana shan ƙwayoyin likita kullum. Ya san banɗakin kowane gidan mai daga cikin gari har hanyar kan iyaka, ya san mai takarda da wanda ƙofarsa ba ta kulluwa. Ɗalibansa sun ɗauka son koyar da fakin a gidan mai ne ya yi masa yawa.

Ya buga wa asibitin waya. Matar da ta ɗauka ta ce likita ba shi da gurbi sai bayan sabuwar shekara, in kuma zazzaɓi ya zo, a taho ɓangaren gaggawa.

Slavar gidansu ta Waliyyi Nikola ce, kamar ta rabin garin. Bana ce ta farko da zai karɓi baƙi a matsayin mai gida, domin mahaifinsa Milun ya rasu a bazara, bikin waliyyin gida kuwa ɗa ne ke gadonsa. Aikin mai gida ba shi da wuyar faɗa. Ya kunna kyandir da safe, ya tarbi kowa a bakin ƙofa, ya zuba wa kowa abin sha. Kuma muddin kyandirin yana ci, ba ya zama. Milun bai taɓa zama ba, har shekarar da aka yi masa aikin gwiwa. Sanda a hannu ɗaya, kwalba a ɗayan. Duk dangi sun san labarin, kowace shekara kuma sai an maimaita shi.

Da rana, tsakanin ɗalibi da ɗalibi, ya tsaya a kemis ɗin Zagorka, wadda suka yi aji ɗaya tun firamare.

"Bora, ka rame," in ji ta, da sunan da na kusa ke kiransa. "Ko ɗaliban naka ne suka fara cin naman malami?"

"Ya dawo."

Ta daina dariya. "Da jini?"

"Kaɗan."

"Kaɗan ɗin maza, ko kaɗan na gaskiya?"

Ta juya ta ɗauko masa garin gishiri da sukari na jiƙawa, da kwalin maganin gyaran ciki, da farasitamol.

"Wannan in ciwon ya matsa. Ibuprofen kada ka kusance shi, ko da Mamarka ta rantse a kansa. Kofi ka manta da shi. Shinkafa fara, dankali, karas a dafa har ya narke. Ka fi ni sani ma."

"Ba ni na tsayar da gudawa."

"A'a."

"Wuni ɗaya nake nema, Zaga. Ranar slava kawai."

"Wancan na wanda ya ci ruɓaɓɓen kifi ne. Kai hanjinka a kumbure yake, yana zubar da jini. In ka ɗaure shi ba daina ciwo zai yi ba, cika zai yi. Kai da ke wuni cikin mota, me ke faruwa da tayar da aka yi ta banka wa iska?"

"Fashewa take."

"To tunda ka sani. Ka je Nish, ka daina min wannan kallon."

Ya biya, ya yi godiya. Daga nan ya tuƙa zuwa wani kemis a bayan kasuwa, inda yarinyar da ke kanta ba ta san shi ba, ya ce matarsa ce ta ci abin da bai karɓe ta ba. Ta miƙo kwalin ba ta ko ɗaga kai ba. Da ya koma gida ya sa shi a aljihun ciki na kwat ɗin da zai saka ranar.

Slavar Waliyyi Nikola a cikin azumin hunturu take faɗowa, saboda haka ba nama, ba ƙwai, ba madara. Jajibirin ranar, kicin ɗin mahaifiyarsa Stamena ya cika da abin da azumi ya yarda da shi. Wake da albasa a cikin tanda. Sarma, ganyen kabeji mai tsami da aka naɗe shinkafa a ciki, tukunya biyu. Kifin da za a soya. Barkono da tafarnuwa. Alkama da aka dafa aka niƙa da sukari da gyaɗar bishiya, wadda kowane baƙo zai ci cokali ɗaya don tunawa da mamatan gida. Duk abin da ke kan teburin yana cikin jerin abin da likita ya hana shi in ciwo ya tashi. A can gefen murhu akwai ƙaramar tukunya, shinkafarsa ce a ciki, ba mai ba gishiri sosai.

Stamena ta buɗe ta, ta leƙa, ta rufe.

"Abincin jarirai. Iska ce ta kama shi, ba wani abu ba. Wuni cikin mota, taga a buɗe ta nan, taga a buɗe ta can, tana ratsa masa ciki. Tun yana yaro nake hana shi zama a kan siminti."

"Mama, likita ya ce ba iska ba ce," in ji Tijana, matar Velibor, tana naɗe kabeji.

"Likitan nan shekarunsa nawa?"

"Ban tambaye shi ba."

"To ni na haifi wannan."

A gidan, sanyin ciki ake ce wa ciwon. Velibor ne da kansa ya faɗa wa iyayensa haka shekarar da aka gano shi, kuma sunan ya zauna. Bai taɓa ambata musu jini ba. Stamena ta saƙa masa ɗamarar ulu, tana kuma dafa masa busassun ’ya’yan itacen dutse ya sha ruwan. Yakan sha. Ba ya ƙara komai, ba ya rage komai.

Tijana ta ce za ta dafa masa kaza da ruwa zalla, ko ya samu ƙarfin gobe. Ta ce limamin coci da bakinsa ya faɗa, marar lafiya ba ya azumi.

"Marar lafiya, i," in ji Stamena. "Mai sanyin ciki kuwa yana yi. Kaza ba za ta shiga tukunyata a makon nan ba, ’yar nan."

Tijana ta dubi mijinta. Yana tsaye jikin firji yana cin gasasshen burodi busasshe, yana kurɓar ruwan gishiri da sukari. Ya ajiye kofin ya fita.

Ta bi shi zuwa baranda, ta ja ƙofa.

"Ka gaya mata."

"Bayan slava."

"To ka bar wa Baffa Obrad ya tarbi baƙin. Ƙanin Baba ne, ba wanda zai ce komai."

"Yana da gidansa, yana da kyandirinsa. Wannan nawa ne."

"Akwai doguwar kujerar nan ta kicin. In sa maka a bayan ƙofa, ka ɗan ɗora jiki in ba kowa."

"Zama ne shi ma."

"Bora, jiya a bakin banɗaki ka kwana."

"Gobe ba zan shiga ba."

Ta dube shi da kyau. "Me ka saya?"

"Abin da Zaga ta ba ni."

Ta koma wajen kabejinta.

Da safe ya haɗiyi ƙwaya biyu kafin ya ɗauki burodin slava zuwa coci. An yi dusar ƙanƙara kaɗan, ta narke ta zama taɓo. Ya tsaya a layi da sauran masu gida, kowa da burodinsa a naɗe cikin farin ƙyalle. Limamin ya yanka nasa, ya zuba ruwan inabi a tsagar, suka juya shi tare, ya ce Allah ya jiƙan Milun. Cikin Velibor bai motsa ba. Rabonsa da irin wannan shirun tun kafin makon. Ya tsaya yana sauraronsa kamar yadda yake sauraron injin da aka fito da shi daga gareji.

A gida ya kunna kyandirin a ƙarƙashin hoton waliyyi. Dogo ne, kauri kamar sandar tsintsiya, Stamena ce ta zaɓo shi. Irinsa yakan kai har baƙon ƙarshe ya tafi. Ta miƙo masa kwanon alkama. Mai gida ne ke fara ci. Ya yi alamar gicciye, ya ɗebi rabin cokali.

"Cika shi. Na babanka ne."

Ya cika, ya tauna, ya haɗiye.

Baffa Obrad ne baƙon farko. Ya baro nasa baƙin da ɗansa, ya zo da kwalbar rakija, barasar da ya haɗa da hannunsa, a ƙarƙashin hammata.

"Barka da slava, mai gida! Kai, kwat ɗin nan naka ne ko na haya? Mutum biyu za su shiga ciki."

"Sannu da zuwa, Baffa. Ku shigo."

"Tijana, ba kya ba shi abinci ne? Ko kuwa kin fi ƙarfinsa a wajen kwano?"

"Shi za ku tambaya, Baffa," in ji ta, ta karɓi hularsa.

Daga nan ƙofa ba ta huta ba. Maƙwabta, ’yan’uwan Stamena daga ƙauye, abokan aikin Milun na dā, mai makarantar tuƙi da matarsa. Velibor yana sumbatar kumatu, yana karɓar riguna, yana miƙa alkama, yana zuba abin sha. Ɗakin ya cika da hayaƙin taba da ƙamshin kabeji. Ba wanda ya buɗe taga, don ƙofa na buɗuwa kullum, kuma ba mai son iska ta ratsa shi.

Wajen tsakar rana murɗar ta dawo, ba irin wadda ya sani ba. Wannan ba ta neman hanyar fita. Ya shiga kicin, ya juya wa matan baya, ya ƙara ƙwaya biyu. Tijana ta ajiye masa dankali dafaffe a ƙaramin faranti a kan firji. Ya ci loma ɗaya a tsaye, ta tsaya masa a ƙirji. Ya sassauta bel ɗinsa rami ɗaya. Bayan ɗan lokaci ya ƙara sassautawa.

"Ga maganin cikin nan naka," in ji Obrad, ya ɗaga ƙaramin kofi. "Wannan tana kashe duk wata tsutsa. Kakanka da ita ya yi wa saniya magani, ta tashi tana rawa."

"Ina shan magani, Baffa."

"Maganin kemis! Mai gida ne zai ƙi ɗaga kofi don babansa? Milun, kana ji?"

Mutane suka yi dariya, suka ɗaga kofuna. Velibor ya karɓa, ya jiƙa leɓe. Obrad ya tura gindin kofin da yatsa. Ta sauka da zafi har ƙasa.

Sai aka shiga labarin gwiwar Milun. Wani ya ce sandar ta ƙarfe ce, wani ya ce ta katako. Obrad ya ce shi ya kawo masa kujera da hannunsa, Milun ya ce in bai janye ta ba zai karya ta a kansa. Velibor ya ji labarin daga inda yake tsaye, kafaɗarsa na jikin katakon ƙofa. Sanyi yake ji a cikin ɗakin da kowa ke share gumi. Cikinsa ya yi tauri, rigar ta ɗame a kansa.

"A'a, a'a, ɗan Milun," in ji Obrad. "Ƙofar nan ba ta ce za ta faɗi ba, bar tallafa mata. Babanka ko jingina bai yi ba."

Ya janye kafaɗar.

Tijana ta zo wucewa da farantin kifi, ta taɓa bayan hannunsa, ta tsaya.

"Jikinka zafi."

"Ɗakin ne."

"Nawa ka sha?"

"Kai kifin, yana hucewa."

Banɗaki ɗaya ne a gidan, ƙofarsa na kallon teburin baƙi. Lokacin da abin ya zo masa, akwai mutum a ciki. Ya tsaya a bakin ƙofar da kwalba a hannu kamar mai jiran wanda zai zuba wa. Mai makarantar tuƙi ya fito yana gyara wando, ya ce masa slava ta yi kyau. Velibor ya shiga ya kulle.

Ba abin da ya fito sai jini, kuma ba kaɗan ba. Cikin bai sauka ba. Ya lura cewa a zaune yake, ya yi tunanin ko wannan ma ana lissafa shi, ya ga ba wanda ya taɓa faɗa. Ya miƙe, ya ja igiyar ruwa. Tankin tsoho ne, wanda ya fita yanzu ya zubar da shi, sai ya daɗe kafin ya sake cika. Igiyar ta yi ƙara, ruwa bai zo ba.

Aka ƙwanƙwasa. "Mai gida! Baƙi a ƙofa!"

Ya rufe murfin, ya wanke hannu, ya fita da niyyar dawowa. A bakin ƙofa dangin Tijana ne su da yawa, kowa da rigar da za a karɓa da kumatun da za a sumbata. Yana miƙa musu alkama ya ga mahaifiyarsa ta nufi banɗaki da sabon tawul a kafaɗa. Kwanon na hannunsa, wata gwaggo tana ba shi labarin hanya. Ya ci gaba da riƙe kwanon.

Stamena ta daɗe a ciki. Ya ji ruwa ya zubo. Ta fito, tawul ɗin na kafaɗarta har yanzu, ba ta canza shi ba. Ba ta dube shi ba. Ta ratsa tsakanin kujeru zuwa ƙarƙashin hoton waliyyi, ta ɗauki kofin ruwan inabin da ke gefen burodi, ta ɗebi cokali ɗaya, ta zuba a kan lagwanin. Kyandirin ya yi ’yar ƙara ya mutu. Ko kashi ɗaya cikin uku bai ci ba.

Na kusa ne suka fara ajiye cokula, sannan sauran teburin suka bi.

"Stamena, me ke nan?" in ji Obrad. "Rana ba ta ko faɗi ba. Kuma mai gida ne ke kashewa, ba mace ba."

"Ci wakenka, Obrad."

"Milun da yana nan..."

"Ba ya nan."

Ta jawo kujerar da ta fi kusa, ta wani yaro ce da ya tashi, ta kawo ta har inda Velibor yake. Ta karɓi kwanon alkama daga hannunsa.

"Kyandir ya mutu. Zauna."

Ya zauna. Kujerar da ɗuminta. Ya jira ya ji wani abu, kunya ko sauƙi, bai ji ko ɗaya ba. Daga nan ƙasa ɗakin ya yi masa wani iri, bel da cikin mutane kawai yake gani. Ya ɗora hannu a kan gwiwoyinsa.

"Tun yaushe?" in ji Stamena, a hankali.

"Tun farko."

"Tun sanyin cikin?"

"I."

Ta gyaɗa kai. Ta sa hannu a aljihun kwat ɗinsa kamar yadda take yi yana yaro, ta fito da kwalin, ta miƙa wa Tijana. Tijana ta karanta sunan, ta ƙirga ramukan da ba ƙwaya, ta sa shi a jaka.

"Zaga ba ta ba ka wannan ba," in ji Tijana.

"A'a."

"Ina makullin mota?"

Obrad ya miƙe, ya ce zai kai su, sai ya dubi kofinsa ya koma ya zauna. Wani ya ce ai ba komai ba ne, ruwan kabeji mai tsami zai gyara shi. Wata ta ce ɗan maƙwabciyarta haka ya yi, zuma ce ta warkar da shi. Stamena ta ce kowa ya ci abinci, akwai sarma tukunya guda ba a taɓa ba. Cokula suka ci gaba da ƙara a hankali.

Motar koyarwa ce kaɗai a ƙofar gida, mai allo a kai da birki biyu. A cikinta suka haɗu da Tijana, ɗalibarsa ce a dā, kuma tun da ta karɓi lasisi ba ta cika tuƙi ba. Velibor ya shiga kujerarsa ta kullum, ta gefen direba. Ya kwantar da ita baya, ya kwance bel ɗin gaba ɗaya. Tagar ɓangarensa a buɗe take tun safe.

Stamena ta fito ba riga mai kauri, silifas a cikin taɓo. Ta miƙo ƙaramar tukunyar shinkafa ta taga, a naɗe cikin tawul ɗin, da ɗamarar ulu.

"A asibiti ba za su bar shi ya ci ba, Mama," in ji Tijana.

"To ke ki ci." Ta tsaya, hannunta a kan gilashin. "In sun ce kaza, ki faɗa min. Zan dafa."

"To, Mama."

"Kuma a rufe tagar nan."

Ya murɗa gilashin ya hau. Ta cikin tagar ɗaki yana hango baƙi, Obrad a tsaye da kwalba yana zagaya tebur. Tijana ta tayar da mota, ta mutu. Ta sake tayarwa. Suka fita layin, suka hau titin Nish. A mahaɗar farko ba ta kunna sigina ba. Velibor ya gani, ƙafarsa na kusa da birkinsa, ya bar ta a inda take.